Sabina Mai Kallon Gumi

Ni dai Allah ya yi ni da son sanin abin da bai shafe ni ba. Surukata Hajiya Inna ta sha cewa tagar ɗakina ta fi ni sanin mijina, don a jikinta nake wuni. Ban taɓa musa mata ba. Ta wannan tagar na fara ganin Sabina, ranar da a-daidaita ya sauke ta da katifa da akwatin ƙarfe da 'yarta Anita a ƙofar ɗakin hayar da ke jikin katangarmu a Kura. Abin da ya same ta daga baya da hannuna a ciki, shi ya sa nake ganin ni ya kamata in ba da labarinta.

Gidanmu gidan malamai ne. Surukina Malam Abbas shi ke da Islamiyyar unguwar, ni ma ina karantar da 'yan mata da yamma. Da ya ba Kirista haya wasu sun yi gutsiri-tsoma, ya ce musu ɗaki ya bayar, ba limanci ba. Mijin Sabina, Isaac, mai gyaran injin ban-ruwa ne, tun safe yake bin bakin kanal a kan babur, sai magariba ake ganinsa baƙi ƙirin da mai. Ita kuwa kwalliya take yi wa mata.

'Yar wani ƙauye ce a bayan Pankshin. Da suka zo ƙasar Kano a Kadawa suka fara zama, ta yi rani uku tana tsintar tumatur, tana ware mai kyau da ruɓaɓɓe kafin a zuba a kwando. Ta gaya min a can idonta ya buɗe. Wai lafiyayyen tumatur wuri ɗaya yake sheƙi, daidai inda rana ta taɓa shi, amma wanda ya fara yin ruwa ko'ina ƙyalli yake. Na ce to, sai aka yi yaya? Ta ce fuskar mutum ma haka take. A lokacin dariya na yi, na ɗauka surutun mai neman ciniki ne. Daga tumatur ta tafi Sabon Gari ta yi wata huɗu a shagon wata mata, sauran kuma a waya ta koya.

Akwai wata hoda mai ƙyalli da masu kwalliya ke kira hailaita. Kafin zuwan Sabina, amaren unguwarmu lafta musu ita ake yi, goshi da hanci da haɓa da kumatu, amarya ta fito kamar sabon murfin kwano. Na taɓa zuwa biki na gaishe da ƙanwar amarya a matsayin amarya, don duk su biyun walƙiya suke, ba ka gane kowa. Sabina kuwa in ta gama da yarinya, ba ka cewa an shafa mata wani abu. Sai dai ka ji tsofaffi suna cewa, "Kai, yarinyar nan ta huta, an kula da ita." Uwar amarya ta yi ta washe baki, a zatonta kazar da ta dafa mata ake yabo.

Ta yi kuskure da farko, kamar kowane baƙo. Amaryarta ta farko ta gama mata kwalliya tsaf da ƙarfe ɗaya da rabi, aka kira azahar, yarinya ta tashi ta yi alwala, aikin awa biyu ya bi ruwa. Sabina ta zauna a kan turmi kamar ta yi kuka. Tun daga ranar, kafin ta buɗe akwati sai ta tambaya, "Kin yi alwala? Kin yi sallah?" Har ta fi wasu ɗalibaina sanin lokacin la'asar.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai game da ita. Kullum da hantsi, in ba ta da aiki, sai ta ɗauki wani littafi mai bango shuɗi ta fita. Ba kasuwa ba, ba coci ba. Ta yi kamar awa ɗaya ta dawo tana murmushi ita kaɗai. Sati biyu na daure, a na uku na zura hijabi na bi bayanta.

Bayan injin casa na unguwarmu akwai filin da mata ke turara shinkafa. Manyan duro-duro ne a kan murhu, ana hura musu wuta da ɓuntu, ana juyawa, ana kwashewa a shanya a kan tamfol. Zafin wurin ko a watan sanyi sai ka jiƙe. Sabina ta je gindin wata darbejiya ta tsaya, nesa kaɗan. Ba ta yi sallama ba. Ta zuba wa wata mata ido, ta karkata kai hagu, ta karkata dama, ta sunkuya ta yi rubutu, ta koma kan wata. Ta gama ta juya ta tafi, ko sannu ba ta ce wa kowa ba. Na ga matan suna kallon juna, wata ta tofar da yawu.

Na dawo gida abin yana ci na. Kwana biyu bayan nan na shiga ɗakinta aron burushin gira, ta fita kiran Anita daga maƙwabta, ga littafin a kan akwati. Wallahi hannuna ne ya kai kansa. Fuskoki ne a ciki, an zana da biro, kowane shafi fuska ɗaya da suna a ƙasa. A kan kowace fuska an ɗiɗɗiga jan biro, wata a saman kunci, wata a karan hanci, wata a saman leɓe. Na gane Sumayya 'yar Binta, budurwar da ke taya uwarta shanya, don har 'yar wushiryarta an fitar. Na ajiye littafin, na karɓi burushi, na fito.

Mutum ɗaya tak na gaya wa, mai awarar bakin layi, kuma sai da na ce mata kada ta gaya wa kowa. Kafin Juma'a labarin ya kai Bunkure.

Da abin ya tsaya a nan da da sauƙi. Sai Sumayya ta kwanta, zazzaɓi mai zafi, har tana sambatu. A cikin sambatun aka ce ta ce, "Ga ta can tana kallona." Shi ke nan. Kalmar da kowa ke tauna a ciki ta fito fili, aka ce Sabina mayya ce, ta kama kurwar yarinya ta rufe a littafi.

Wanda bai zauna a garuruwanmu ba ba zai san nauyin wannan kalmar ba. In aka liƙa wa mace ita, ba a cin abincinta, ba a ba ta jariri ta riƙe, balle a miƙa mata fuskar amarya. Kuma ana cewa a nono ake sha, wato Anita ma ta shiga ke nan, yarinya 'yar shekara bakwai. Binta ta zo ƙofar gidanmu da mata sun fi goma, idonta jajur, ta ce abu biyu ne: ko Sabina ta zo ta tsallake Sumayya ta sakar mata kurwa, ko Malam ya fitar da ita daga unguwar. Ni ina bayan taga ina ji. In ta tsallaka ta amsa sunan har abada, in ta ƙi ta rasa wurin zama. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Malam ya fito zaure da carbinsa. Bai ɗaga murya ba, dama ba ya ɗagawa. Ya ce da farko a ɗauki yarinya a kai ta asibiti yanzu-yanzu, ya sa mijina ya nemo a-daidaita. Sannan ya ce gobe da hantsi mata su taru a tsakar gida wurin Hajiya, mai littafi ta zo da littafinta, a tambaye ta a gaban kowa.

Washegari tsakar gidanmu ya cika. Malam ya zauna daga bakin zaure, bayan labule, inda zai ji ba sai ya gani ba. Sabina ta shigo da littafin a ƙirji, da akwatin kwalliyarta a hannu. Da gani ba ta runtsa ba. Ta durƙusa ta gai da Hajiya Inna, ta miƙa mata. Hajiya ta sa tabarau ta buɗe shafi-shafi, ba ta gaggawa.

"Maman Anita, mene ne wannan jan da kike ɗigawa a fuskar 'ya'yan mutane?"

"Gumi ne, Mama."

"Gumi?"

"Inda gumi ya fara fitowa, inda rana ya kama shi. Kowa da wurin nasa. Wani a nan sama," ta taɓa ƙashin kuncinta, "wani ya fi kusa da kunne, wani a hanci. A waya Turawa ne suke koyarwa, fuskansu daban, haskensu daban. In na bi nasu, amarya yana zama kamar an shafa mata mai. Sai na ga matan nan in suna aiki, fuskansu yana haske da kansa, yana kyau. Na ce bari in koya a wurinsu. In mai irin fuskan ya zo, na san inda zan sa hailaita."

Wata daga baya ta ce, "Ji wani zance, wai gumi." Binta kuwa daga asibiti ta zo, mayafinta ma a karkace.

Hajiya ta cire tabarau. "To na ji. Amma ke wace irin mutum ce da za ki je kan mutane ki tsaya ƙiƙam, ba sallama, ba sannu da aiki? Ko a garinku haka ake yi?"

"A'a, Mama, a garinmu ma ana gaisuwa." "Ranar farko na yi sallama. Ina yin sallama kowa ya ɗauki bakin zani ya share fuska kafin ya amsa. Rana na biyu ma haka. In na gaishe su, abin da na zo gani yana tafiya."

Na duba matan. Da yawansu bakin mayafi na hannunsu a lokacin, don da Hajiya ta fito gaishe su ɗazu duk sai da suka goge fuska. Ni ma haka nake yi, uwata ma haka take yi, ba wadda ta taɓa lura. Wata tsohuwa ta dubi mayafin da ke hannunta, ta sake shi a hankali.

Hajiya ta ce baki ba ya wadatarwa, a nuna musu. Ta tambaya wa za ta zauna a gwada a fuskarta. Ba wadda ta motsa. Ni da na haɗa wutar, na ji in ban tashi ba ba zan ƙara iya kallon kaina a madubi ba. Kuma, in faɗi gaskiya, ina son in ga yadda ake yi. Na janyo kujera 'yar tsugunne na zauna.

Sabina ta juya ni ta yadda rana za ta zo min ta gefe. Ta bi ƙashin kuncina da ɗan yatsa, a hankali, kamar mai neman ƙaya. Hannunta sanyi ƙalau. Ta nuna ni ta ce, "Maman Latifa ba ya cikin littafi, ba ya aiki a rana, sai dai in yi canke." Mata suka kwashe da dariya, na haɗiye. Ta buɗe wani ɗan gwangwani mai launin ƙasa-ƙasa da ruwan zinare, ba fari ba, ta ce fari a baƙar fata toka yake komawa. Ta dangwala da yatsan zobe, abin da ta ɗebo bai kai ƙwayar gero ba. Ɗigo uku ta yi a saman kuncina na dama, daga ƙasan wutsiyar ido zuwa wajen kunne, ta bi su tana daddannawa, ba ta murzawa, har suka ɓace cikin fata. Ta ɗan taɓa ƙasan gira. Ta ja siriri a gefen karan hanci, ta tsaya kafin ta kai tsini. Goshi da haɓa ko kallonsu ba ta yi ba. Ɓarin hagu ta bar shi yadda yake.

"Yanzu a ba ta taɓarya," in ji ta.

Dama akwai gero a turmi. Rabona da daka tun ina gidanmu, amma na kama. Mata suka kewaye ni suna ƙirga min, Hajiya tana cewa yau dai an ga ranar da matar ɗanta ta yi aiki. Kafin in yi bugu hamsin numfashina ya fara sama-sama. Sabina ta ce in tsaya, kada in share, ta juya ni wajen rana.

Suka matso ɗaya bayan ɗaya suna leƙa fuskata, har ina jin numfashinsu. Ɓarin hagu, inda ba a shafa komai ba, gumi ya tsatso a saman kunci da ƙasan gira da gefen hanci, daidai wuraren da ta taɓa a dama. Hajiya ta kama haɓata ta juya nan, ta juya can, ta ce, "Ikon Allah. Ba ka cewa ga na kanti ga na turmi." Aka miƙo min madubi. Na daɗe ina kallo, don ban san fuskata tana da wannan wurin ba.

Daga bayan labule Malam ya yi gyaran murya. Ya ce ba za a tsallake kowa ba, ba a gidansa ba, ba a unguwar da yake karantarwa ba, kuma ɗaki yana nan a hannun mai shi. Amma ya ce ita ma Sabina ta yi laifi biyu: ta tsaya kan mutane ba sallama, ta kuma zana fuskokinsu ba da izininsu ba. Ya ce a yage kowane shafi a ba mai shi. Sabina da kanta ta riƙa yagewa tana kiran suna, aikin wata takwas, shafi arba'in da wani abu. Da ta zo kan na Sumayya, Binta ta karɓa ta ninke ta cusa a ƙugu, ta fita.

Likita ya ce taifot ne. Sumayya ta yi kwana goma sha biyu ta tashi. Na ɗauka magana ta mutu, ashe ban san mutanenmu ba. Wasu suka ce ai dama, tunda aka mayar da takardar dole kurwa ta dawo.

Na je na sami Sabina na ce, "Maman Anita, ni ce na buɗe littafin, ni ce na faɗa." Tana wanke burushi, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani. Kin mayar da shi a kife." Na ce ta yafe min. Ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe, amma yafiyarta ba ta dawo mata da amare ba. Bikin da aka yi uku a layinmu, duk daga Kano aka ɗauko mai kwalliya. Yara suka daina zuwa wasa wurin Anita. Matan cocinsu kaɗai ke zuwa jefi-jefi, su kuma nawa ne. Isaac ya ce in an gama kwasar tumatur za su koma gida. Ta taga na ga ta fara ɗaure kwanuka a buhu.

Duk da haka ba ta daina bi ta filin turara ba, sai dai yanzu ba littafi, kuma tun daga nesa take rangaɗa sallama. Kowa ta share fuska, wasu su amsa, wasu su yi kamar hayaƙi ya shige musu ido. Sabina ta wuce kanta a ƙasa. Na tambaye ta me take zuwa yi tunda ba abin da za ta gani. Ta ce Baba Malam ya ce laifinta rashin sallama ne, to tana biya.

Saura kwana shida su tashi na ce zan raka ta, a fili wannan karon, kafaɗa da kafaɗa. Muka isa da hantsi, rana ta fara zafi. Binta tana kan duro, ta riƙe muciyar juyi da hannu biyu, tururi ya lulluɓe ta, gumi yana bin wuyanta. Sabina ta yi sallama. Matan da ke shanya suka kai hannu bakin zani kamar kullum.

Binta ta amsa sallamar, amma hannunta bai bar muciya ba. Ta dube mu, ta dubi Sabina sosai. Sannan ta ɗan matsa daga cikin tururin, ta ɗaga haɓa, ta juya kuncinta wajen rana, ta tsaya a haka.

Sabina ta kasa motsi. Na ji ta damƙe min hannu har ya yi zafi.

"An ce kina ɗaure kaya," in ji Binta, ba ta sauke fuskar ba. "Ki je ki kwance. Matso ki duba abin da za ki duba, ki yi sauri, shinkafata za ta dafe."